Fashin baƙi: Abin da ke sa rediyon mota ƙin karɓar filash, da yadda ake shawo kansa

Na taɓa raba dare ina loda waƙoƙi da karatuttuka a wani sabon filash mai giga 64, saboda doguwar tafiya da ke gabana washegari. A kwamfuta komai lafiya lau, kowane fayil na danna sai ya tashi. Da safe na tada mota, na soka filash ɗin a ramin USB. 'Yar fitilar da ke jikinsa ta yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu ta ɗauke, allon rediyon kuwa ya nuna cewa ba a soka komai ba. Na zare, na hura ramin, na mayar. Ko gezau. A aljihun gaban mota akwai wani tsohon filash mai giga 4, murfinsa ya daɗe da ɓata, rubutun jikinsa ma ya goge. Shi na ɗauko na gwada, kafin in saki birki sauti ya cika motar. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, domin a lokacin ban ga dalilin da zai sa sabo mai girma ya gaza a inda tsoho ƙarami ya yi aiki ba.

Dalilin yana nan, kuma shi ne tushen kusan duk wannan matsala. Rediyon mota ba kwamfuta ba ne. Kwamfuta tana da babbar manhaja da ake sabuntawa kullum, ta san tsare-tsaren ajiya iri-iri, in ta ci karo da abin da ba ta sani ba ta nemo 'yar manhajar da za ta sarrafa shi a intanet. Abin da ke cikin rediyon mota, musamman na motocin da suka kwana biyu, ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da aka koya wa karatu guda ɗaya a ranar da aka ƙera ta, kuma daga ranar ba ta ƙara koyon komai ba. Mota tana iya shekara 15 ko 20 a kan titi, su kuwa filash duk 'yan shekaru sai an sake musu fasali. Saboda haka aikin ba na gyaran rediyo ba ne. Aikin shi ne ka shirya filash ɗin a yaren da rediyon ya iya.

Kafin ka taɓa komai, kalli yadda ya ƙi, domin ƙin iri-iri ne kuma kowanne yana nuna inda ciwon yake. In rediyon bai ma nuna alamar an soka masa wani abu ba, matsalar tana wajen rami ko wuta. In ya nuna yana karantawa sannan ya ce akwai kuskure, ko ya ce bai san na'urar ba, galibi tsarin ajiyar filash ɗin ne. In ya buɗe filash ɗin amma ya ce babu fayil, ko yana tsallake wasu, sai a duba su kansu fayilolin sautin. In kuwa yana kunna komai amma a hargitse, wannan wani labari ne daban, zan zo kansa.

Mu fara da ramin. Ba kowane ramin USB da ke cikin mota ne ke da alaƙa da rediyo ba. Motoci da yawa suna da biyu ko uku, amma ɗaya ne kawai aka ja wa wayar bayanai zuwa rediyon, sauran na caji ne zalla. Na kujerun baya kusan duk na caji ne. Wanda ake sokawa a ramin kunna sigari shi ma wuta kaɗai yake bayarwa, ba shi da hanyar kai sauti ga lasifika, sai dai in irin mai watsa sauti ta tashar FM ne. Sau da yawa masu ƙera mota sukan zana alamar batir ko tsawa kusa da na caji, su zana alamar USB mai rassa uku ko hoton waya kusa da na bayanai. Fitilar filash za ta iya kamawa a ramin caji, kada hakan ya ruɗe ka, wuta ce kawai ta samu.

Wutar kanta tana da iyaka. Ƙa'idar USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, ta tanadi miliyamfa 500 (ma'aunin yawan wutar da na'ura za ta iya ja) a kan bolt 5, ita kuwa USB 3.0 ta 2008 ta ɗaga shi zuwa 900. Yawancin rediyon mota a kan tsohuwar ƙa'idar suke. Filash na yau da kullum bai cika wuce wannan ba, amma babban faifan ajiya na waje, mai juyawa a ciki, yana jan wuta sosai a lokacin tashi, sai ka ji yana ƙas-ƙas yana kasa kammala juyawa. Haka in ka haɗa da doguwar wayar ƙari mai sirara, ko akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu. Rediyo da yawa ba su san wannan akwatin ba sam. A gwajin farko, soka filash ɗin kai tsaye.

Gudun filash kuwa, kada ya dame ka ko kaɗan. MP3 mafi nauyi kilobit 320 yake ci a daƙiƙa. Ko tsohuwar USB 1.1 ta 1998 tana kai megabit 12, wato ta ninka abin da ake bukata fiye da sau 30. Filash mai gudun USB 3 ba zai ƙara wa sautin daɗi ko ɗigo ba, amfaninsa kawai shi ne saurin lodi daga kwamfuta. An tsara shi ya yi aiki a tsohon rami, kuma galibi yana yi, amma akan samu rediyon da ba sa jituwa da wasu daga cikinsu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Filash a karan kansa fili ne fetal na ɗakunan ajiya, miliyoyinsu, ba suna ba lamba. Abin da ke sa a san cewa waƙa kaza ta fara daga nan ta ƙare a can shi ne tsarin fayil, wato kundin rajista da ake rubutawa a jikin filash ɗin lokacin da aka yi masa fomatin. Kundin nan iri-iri ne, kuma wanda ya iya karanta ɗaya ba lallai ya iya karanta ɗan'uwansa ba. Akwai FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996 tare da wata fitowa ta Windows 95. Akwai NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, shi ne ke kan faifan cikin kwamfutocin Windows. Akwai exFAT na 2006, da aka yi musamman domin filash da katin ajiya masu girma. Kwamfutocin Apple suna da nasu, APFS, tun 2017, Linux kuma ta fi amfani da ext4.

A cikin waɗannan duka, FAT32 ne kusan kowane rediyo mai ramin USB ya iya. Mai sauƙi ne, ƙaramar ƙwaƙwalwa tana iya ɗaukarsa, kuma ya daɗe a duniya har ya zama yaren da kyamara, talabijin da na'urar buga takarda duk suke ji. Shi exFAT ya daɗe yana bukatar lasisi daga Microsoft, sai a 2019 kamfanin ya wallafa cikakken bayaninsa ga kowa, shi ya sa masu ƙera rediyo da yawa suka yi shekaru ba su saka shi ba. Sababbin motoci masu babban allo da dama sun iya shi, wasu har da NTFS, amma tsofaffi ba ruwansu.

To ga tarkon. Filash mai giga 32 zuwa ƙasa yawanci da FAT32 yake fitowa daga masana'anta. Mai giga 64 zuwa sama kuwa galibi da exFAT yake zuwa. Wannan shi ne abin da ya faru da ni a waccan safiyar: lafiyar sabon filash ɗin ƙalau, kundin rajistarsa ne aka rubuta da rubutun da rediyon bai taɓa gani ba.

Sai mutum ya ce, ai da sauƙi, bari in mayar da shi FAT32. Ya soka a kwamfuta, ya buɗe wajen fomatin a Windows, ya tarar babu FAT32 a cikin zaɓin, daga exFAT sai NTFS. A nan mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa FAT32 ba ya wuce giga 32. Ba haka ba ne. Tsarin kansa yana iya ɗaukar har tera 2, wato kusan giga 2,000. Iyakar giga 32 ɗin Microsoft ne ya sa ta a manhajarsa ta fomatin, ta zauna shekaru da yawa, sai a 2024 ya fara ɗage ta a fitowar gwaji ta Windows 11, nan ma ta hanyar rubuta umarni. Windows tana karanta babban filash mai FAT32 ba tare da wata gardama ba, yin fomatin ɗin ne kawai take ƙi. Mafita ita ce wata manhaja daban: Rufus tana yi, akwai kuma 'yar ƙaramar manhaja mai suna fat32format da aka rubuta domin wannan aiki kaɗai. Kwamfutocin Mac da Linux ba su da wannan iyaka tun asali.

Iyakar gaskiya da FAT32 ke da ita ita ce fayil guda ba ya kai giga 4. Ga mai loda fina-finai wannan abin damuwa ne. Ga sauti kuwa ba komai ba ne, domin MP3 na awa guda cur a mafi nauyinsa bai kai mega 150 ba.

Ina roƙon mai karatu abu ɗaya a nan: fomatin yana share duk abin da ke cikin filash. Kwafe kayanka zuwa kwamfuta tukuna, kuma ka duba harafin da Windows ta ba filash ɗin sau biyu kafin ka danna. In akwai wani faifan ajiya a jikin kwamfutar, zare shi kafin ka fara. Hotunan shekaru suna iya salwanta a daƙiƙa goma saboda an zaɓi harafin da ba shi ba.

Akwai kuma waɗanda za su ce sun yi FAT32 ɗin amma har yanzu shiru. Sau da yawa laifin yana wani mataki da ke ƙarƙashin tsarin fayil, wanda ba a cika ganinsa ba. A farkon farkon filash akwai 'yar taswira da ke faɗin kashi nawa aka raba shi da inda kowane kashi ya fara. Taswirar iri biyu ce: tsohuwa, MBR, wadda ta samo asali tun 1983, da sabuwa, GPT. Rediyon mota da yawa MBR kaɗai suka sani. In taswirar GPT ce, ba za su ma kai ga ganin FAT32 ɗin da ke ciki ba. Masu amfani da Mac ne wannan ya fi kamawa, domin manhajar Disk Utility tana yawan zaɓar GUID, wato GPT, da kanta. Sai ka sa ta nuna dukkan na'urori, ka zaɓi filash ɗin kansa ba kashin da ke ƙarƙashinsa ba, sannan a wajen sharewa ka zaɓi MS-DOS FAT da Master Boot Record. A Rufus ma akwai wajen zaɓar MBR ƙarara.

Filash ɗin da aka taɓa amfani da shi wajen ɗora Windows ko Linux a kan kwamfuta shi ma yakan rage da ɓoyayyun kashe-kashe biyu ko uku. Rediyo yakan duba kashin farko kawai, in ya tarar da wani ɗan ƙarami wanda ba komai a ciki, sai ya ce babu fayil. Fomatin na sama-sama ba ya kawar da wannan, sai an share taswirar gaba ɗaya an mayar da filash ɗin kashi guda. Haka nan filash masu kulle da kalmar sirri: galibi makullinsu manhajar kwamfuta ce, rediyo ba shi da hanyar buɗe ta. Waya kuma ba filash ba ce ko da an haɗa ta da wayar USB. Wayoyin Android na yanzu da wata hanya mai suna MTP suke magana, ba sa miƙa ajiyarsu kai tsaye kamar yadda filash ke yi, tsohon rediyo sai ya yi musu caji kawai.

Game da girma, ra'ayina shi ne giga 16 ko 32 ya ishi kowace mota. Mu yi lissafi. MP3 mai kilobit 128 yana cin kusan mega 1 a minti, ke nan giga 16 zai ɗauki sama da awa 270 na sauti. Ko a kilobit 320 ka yi su duka, za ka samu sama da awa 100. Wasu rediyon ma an rubuta a littafinsu cewa ba sa karɓar abin da ya wuce giga 32, ko da FAT32 ne. Sannan duk lokacin da aka soka filash sai rediyon ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya jera sunayensu, in sun yi yawa ka yi ta jira allon yana cewa ana karantawa har ka isa inda za ka. Kowane rediyo yana da iyakar yawan folda da fayil da zai iya ƙirgawa, abin da ya haura sai ya yi kamar babu shi. Zurfin folda cikin folda ma da iyaka, littattafan rediyo da yawa sukan ce hawa 8. Ni hawa biyu nake yi, foldar mai waƙa, a cikinta foldar kundin waƙoƙinsa, shi ke nan. Hotuna, takardu da manhajoji kuma a nema musu wani filash daban.

Mu zo kan sautin kansa. MP3 a nan shi ne takwaran FAT32, kowa ya iya shi. Bayansa sai WMA na Microsoft, wanda tsofaffin rediyo da yawa ke karɓa, sai AAC mai ƙarewa da m4a. FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga ingancin sauti, ya fito tun 2001 amma sai a sababbin rediyo aka fi samunsa. Abin da ke rikita mutane shi ne haruffan ƙarshen sunan fayil ba sa faɗin gaskiya duka. Fayil mai m4a zai iya kasancewa AAC ne a ciki, zai iya kasancewa ALAC na Apple, rediyon ya kunna na farko ya tsallake na biyu alhali a ido iri ɗaya ne. Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus ake naɗarsa, haka ma sauti da yawa da ake cirowa daga bidiyon intanet, kuma tsofaffin rediyo ba su san Opus ba.

Wasu sai su goge ƙarshen sunan su rubuta mp3 da hannu. Wannan sauya lakabin kwalba ne, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Kwamfuta za ta ci gaba da kunna shi domin ita cikin fayil ɗin take leƙawa, sai mutum ya ɗauka ya gyara, rediyo kuwa ya buɗe ya tarar ba MP3 ba ne, ya wuce, ko ya daskare a kansa. Juyawa ta gaskiya sai da manhaja, irin su VLC, Audacity ko ffmpeg. In za ka juya, zaɓi kilohaz 44.1, wanda shi ne ma'aunin faifan CD, da kilobit 192 ko 256. Fayilolin nan masu tsananin inganci, na kilohaz 96 ko 192, su ne kan gaba wajen ƙin tashi, kuma a cikin ƙugin inji da ƙarar taya a kan kwalta kunne ba zai kama bambancin ba. Akwai kuma MP3 mai nauyi tsayayye da mai nauyi mai hawa da sauka. Na biyun yakan sa wasu tsofaffin rediyo su nuna tsawon waƙa ba daidai ba, ko su rikice in ka tura gaba. Ga doguwar lacca ko karatu da kake son komawa inda ka tsaya, tsayayyen ya fi kwanciyar hankali.

Waƙoƙin da aka sauke a cikin Spotify ko Apple Music domin saurare ba intanet a kulle suke, manhajarsu kaɗai ke buɗe su, kwafe su zuwa filash ba zai yi amfani ba. Haka tsofaffin waƙoƙin da aka saya a iTunes kafin 2009, masu ƙarewa da m4p.

Masu Mac suna da wani ciwon kai nasu. Ka loda waƙa 50, rediyo ya ƙirga 100, rabinsu in ya zo kansu ya ce ba za su kunnu ba. Abin da ke faruwa shi ne, idan Mac ta rubuta fayil a kan FAT32 takan ajiye masa wani ɗan ƙaramin abokin tafiya mai suna iri ɗaya, sai dai an sa ɗigo da ƙaramin layi a gabansa. Ita Mac tana ɓoye su, ba za ka gan su ba. Rediyo kuwa yana ganin sunan ya ƙare da mp3, sai ya ɗauka waƙa ce. Umarnin dot_clean a cikin Terminal, wato wajen rubuta umarni na Mac, yana share su, ko ka soka filash ɗin a Windows, ka sa ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ka goge su da hannu. Ka kuma tuna cewa abin da ka goge a Mac yana komawa wata ɓoyayyiyar folda a jikin filash ɗin har sai ka zubar da kwandon shara, shi ya sa wani lokaci waƙar da ka cire take sake tashi a mota.

Batun jeri shi ne ya fi ci mini rai, domin karatu mai kashi 30 ba ya sauraruwa in kashi na 12 ya riga na 3. Dalili biyu ne ke kawo shi. Na farko mai sauƙi: na'ura harafi-harafi take jerawa, saboda haka a wajenta 10 da 11 suna gaban 2, tunda da 1 suka fara. Maganinsa ka sa sifili a gaba, 01, 02, 03, in sun haura 99 ka yi 001. Na biyun ya fi ɓuya. Rediyo da yawa ba sa jera komai, bin kundin FAT suke yi yadda suka same shi, wato wanda aka fara rubutawa shi ne na farko. Kwamfuta tana nuna maka su a jere da suna, amma adon allo ne kawai, a jikin filash ɗin yadda suka shigo haka suke zaune. In ka ja fayil 40 a lokaci ɗaya, ba lallai kwamfutar ta kwafe su bi da bi ba. In kuma ka goge wasu ka ƙara sababbi, sababbin sukan faɗa gurbin da tsofaffin suka bari a tsakiyar kundin. Hanyar da nake bi ita ce in gyara sunayen a kwamfuta tukuna, in share foldar da ke filash ɗin gaba ɗaya, in sake kwafo ta a jere. Akwai manhajojin da ke sake jera kundin ba tare da sake kwafi ba, kamar DriveSort a Windows da FATSort a Linux.

Sunan da allo ke nunawa kuma ba kullum daga sunan fayil yake fitowa ba. A cikin MP3 akwai ɗan wuri da ake rubuta sunan waƙa, mai waƙa da kundi, ana kiransa ID3. Na farkonsa, na 1996, harafi 30 kaɗai yake ɗauka a kowane gurbi. Daga baya aka yi 2.3 da 2.4, kuma rediyon mota sun fi jituwa da 2.3. Mu masu rubutu da ƙ, ɗ da ɓ muna da ƙarin matsala: haruffan nan ba sa cikin tsohon jerin haruffan Turai da ƙananan allo da yawa suka dogara da shi, sai ka ga akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Ba na jin daɗin rubuta kasa a inda ya kamata in rubuta ƙasa, amma a filash ɗin mota kaɗai nakan haƙura in yi hakan, asalin fayilolin da ke kwamfuta kuma in bar su da ƙugiyoyinsu. Manhajar Mp3tag tana gyara ɗaruruwan fayiloli a zama ɗaya. Da ita kuma za ka iya rage hoton bangon kundi, domin babban hoto da aka cusa a cikin fayil yakan sa rediyo jinkiri kafin kowace waƙa.

In filash ya yi aiki kwana biyu sannan waƙoƙi suka fara yankewa, ko sunayen folda suka koma wasu alamomi marasa ma'ana, abu uku nake zargi. Akwai filash na jabu, wanda aka sa ƙwaƙwalwarsa ta yi ƙaryar girma: ya ce giga 128 ne alhali 8 ne a ciki. Zai karɓi duk abin da ka tura, sunayen su bayyana, amma abin da ya haura ainihin girmansa ya tafi. Manhajar H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karantawa, a nan asirinsa ke tonuwa. Kada dai a haɗa wannan da ganin filash mai giga 32 ya nuna kusan 29 a Windows, wannan bambancin ƙirga ne tsakanin masana'anta da kwamfuta, ba ha'inci ba ne. Sai kuma zare filash daga kwamfuta ba tare da an sallame shi ba. FAT32 ba shi da littafin ko-ta-kwana irin na NTFS, in aka katse shi yana tsakiyar rubutu kundin yakan lalace, kwamfuta ta iya lallaɓawa ta karanta, rediyo ya ƙi. Na uku zafi ne. Motar da aka rufe a rana takan yi zafi fiye da waje nesa ba kusa ba, kuma zafi yana gaggauta zubewar bayanai daga ƙwayoyin ajiyar filash. 'Yan mitsi-mitsin nan da ba sa fitowa daga rami suna da kyau domin gwiwa ba ta karya su, sai dai ba su da jikin da zai fitar da zafi. Saboda haka kada filash ɗin mota ya zama shi kaɗai ne wurin da kayanka suke.

Akwai wani abu da kan faru a lokacin tada inji: sitata tana jan wuta mai yawa, ƙarfin batir ya faɗi na ɗan lokaci, rediyo ya farfaɗo kafin filash ya gama shiryawa, sai ya ce babu komai. In zarewa da mayarwa bayan inji ya tashi yana gyara lamarin kullum, to ka san ba tsarin filash ɗin ba ne, kuma wani filash ɗin daban yakan iya tsallake wannan.

Idan na samu filash da rediyon da suka ƙi jituwa yanzu, ba na loda komai da yawa. Nakan ɗauki ƙaramin filash, in share shi zuwa MBR da FAT32, in saka MP3 guda uku kacal a fili ba cikin folda ba, masu gajerun sunaye da haruffa marasa ƙugiya, in tada mota, in soka kai tsaye. In suka tashi, rami da rediyo lafiya suke, sai in riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, folda yau, wani nau'in fayil gobe, har in ga wanda ya kawo cikas. In ukun nan ma suka ƙi a filash biyu daban-daban, sai in haska ramin da fitilar waya in duba ko ƙura ta toshe shi ko wani haƙorinsa ya lanƙwashe, in buɗe littafin motar a shafin USB in ga abin da aka ce yana karɓa, daga nan kuma sai wajen mai gyaran wayoyin mota ya duba igiyar da ta taso daga ramin zuwa bayan rediyo.